WA KE CIKI, WA KE WAJE: ABIN DA ALƘALUMAN MASANA SUKA NUNA GAME DA ƘABILA DA YAƘIN BASASA

A ƙasar Tanzaniya akwai ƙabilu sama da 120, kowace da harshenta da al'adunta, amma tun daga shekara ta 1961 da Tanganyika ta sami mulkin kai har zuwa yau ba a taɓa gwabza yaƙin basasa a babban yankin ƙasar ba. A Somaliya kuwa kusan kowa harshe ɗaya yake yi, alƙibla ɗaya yake fuskanta, amma a watan Janairu na 1991 gwamnatin Siyad Barre ta rushe, ƙasar ta faɗa cikin yaƙin da ya ci shekara da shekaru. Haka nan Ruwanda, inda Hutu da Tutsi ke magana da harshe guda, suna noma a kan tuddai guda, har ma suna auren juna. A shekara ta 1994 an hallaka mutum wajen 800,000 a can cikin kwana ɗari.

Waɗannan misalai sun isa su sa mai hankali ya yi shakkar maganar nan da ake yawan ji a ofisoshi da ɗakunan karatu, wai yawan ƙabilu shi ne ciwon Afirka, kuma duk ƙasar da Turawan mulkin mallaka suka cusa al'ummomi dabam dabam a cikinta ba ta da makawa sai ta yi yaƙi da kanta. Maganar tana da daɗin faɗi, domin tana ɗauke wa kowa laifi. To, amma akwai waɗansu masana da suka shafe shekaru suna tattara alƙaluma ƙasa bayan ƙasa, shekara bayan shekara, don su gwada ta a kan sikeli, kuma abin da suka samo ya shafi duk wanda ke da hannu a rabon muƙamai ko yake shirin zama ma'aikacin gwamnati.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Bisa lissafin da waɗansu malamai biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, James Fearon da David Laitin, suka buga a shekara ta 2003, daga 1945 zuwa 1999 an yi yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa sau 25, aka rasa rayuka wajen miliyan 3.3 a fagen fama. A cikin wannan lokaci an yi yaƙin basasa kimanin 127, waɗanda suka ci rayuka fiye da miliyan 16. Watau dai tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ɗan Adam ya fi mutuwa a hannun ɗan ƙasarsu bisa ga hannun baƙo.

MA'AUNIN DA YA ƁATAR DA MASANA

Kafin a auna abu sai an sami mudu. Mudun da masana suka daɗe suna aiki da shi ya fito ne daga wani littafin taswira na al'ummomin duniya wanda masanan Tarayyar Sobiyet suka wallafa a birnin Mosko a shekara ta 1964. Sun jera ƙabilun kowace ƙasa da yawan mutanen kowace. Daga baya masana a Amurka suka ɗauki jerin suka fitar da lamba ɗaya ga kowace ƙasa. Ma'anar lambar ita ce: in aka tsinto mutum biyu da ka daga cikin jama'ar ƙasar, ba tare da zaɓe ba, sau nawa cikin ɗari za a tarar ƙabilarsu ba ɗaya ba ce? Tanzaniya ce ta zo kan gaba, da wajen 93 cikin ɗari.

Wannan lamba ta yi tashe ƙwarai, musamman bayan da William Easterly da Ross Levine suka yi amfani da ita a 1997 don bayyana dalilin da ya sa tattalin arzikin Afirka ke tafiyar hawainiya. Sai dai akwai ɓaraka a gindinta. Masanan Sobiyet sun fi duba harshe, saboda haka suka rubuta Hutu da Tutsi a layi ɗaya, a matsayin al'umma guda. Bisa ga wannan mudu, Ruwanda da Burundi suna cikin ƙasashen da suka fi kowa zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya a nahiyar. Wani masani mai suna Daniel Posner ya tona wannan aibi a 2004. Amma babban aibin ya wuce kuskuren jeri. Lambar ba ta san kome game da gwamnati ba. Ƙasa mai ƙabila biyu da ke raba mulki tsakaninsu, da ƙasa mai ƙabila biyu inda ɗaya ta taka wuyan ɗaya, lamba ɗaya za su samu muddin yawan mutanensu ya yi daidai.

Da aka zuba wannan lamba cikin lissafin yaƙe-yaƙe, sai ba ta nuna kome ba. Fearon da Laitin suka ce in an yi la'akari da talauci, ƙasa mai ƙabilu da yawa ba ta fi mai kaɗan haɗarin yaƙi ba. Abin da suka ga yana da tasiri shi ne raunin gwamnati, da yawan jama'a, da duwatsun da 'yan tawaye za su ɓuya a ciki, da dogaro da man fetur, da kuma sabuntar ƙasa. A gefe guda kuma Paul Collier, wanda ya shugabanci sashen bincike na Bankin Duniya, shi da abokiyar aikinsa Anke Hoeffler, suka fito da ra'ayin da ya fi kowane yaɗuwa. Suka ce ƙorafi yana ko'ina, ba ƙasar da ba a kuka, saboda haka ƙorafi ba zai iya bayyana dalilin da ya sa yaƙi ke tashi a nan bai tashi a can ba. Abin dubawa shi ne inda tawaye ke da riba da sauƙi: lu'ulu'un Saliyo da Angola, samari marasa aikin yi, kuɗin 'yan ƙasa mazauna waje.

Wannan ra'ayi ya yi wa masu mulki daɗi, kuma ba abin mamaki ba ne. In ɗan tawaye ɓarawo ne kawai da ya ɗaura wa kansa tuta, to ba sauran bukatar a tambayi yadda aka raba kujerun majalisar ministoci. Shekaru da dama wannan tunani ne ke yawo a rahotannin ƙungiyoyin ba da agaji.

KUNDIN ZURIK

Waɗansu masana uku ba su gamsu ba. Su ne Lars-Erik Cederman na babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Zurik a ƙasar Suwizalan, da Andreas Wimmer, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, da Brian Min. Hujjarsu mai sauƙi ce. Ba a sami alamar ƙorafi cikin lissafi ba domin ba a auna shi ba, an auna wani abu dabam ne aka ba shi sunansa. Yaƙin basasa ba rigima ce tsakanin maƙwabta a kasuwa ba, faɗa ne a kan gwamnati, kuma gwamnati ba alƙali ba ce da ke zaune gefe. Akwai masu riƙe da ita, akwai waɗanda ke leƙe ta taga.

Kafin su, Ted Gurr na Jami'ar Maryland ya fara tun cikin shekarun 1980 tattara bayani a kan al'ummomin da ke cikin haɗari a ƙasashensu. Aiki ne mai daraja, amma ya fi mai da hankali ga waɗanda ake zalunta, ya bar masu mulkin a waje, alhali ba a gane nauyin abu sai an ɗora wani a ɗaya gefen sikeli.

Sai masanan uku suka nemi taimakon ƙwararru kusan ɗari, kowa da ƙasar da ya sani ciki da bai. Aka tambaye su abu biyu game da kowace shekara daga 1946 zuwa 2005. Na farko, waɗanne ƙabilu ne ke da muhimmanci a siyasar ƙasar? Ba kowace ƙabila aka rubuta ba, sai wadda akwai wata jam'iyya ko ƙungiya da ke da'awar magana da yawunta a siyasar ƙasa baki ɗaya, ko kuwa wadda gwamnati ke nuna wa wariya da gangan. Kalmar ƙabila a nan ta haɗa da bambancin harshe, da na addini, da na launin fata, shi ya sa 'yan Shi'a da Ahlus Sunna na Iraƙi suka shiga, baƙaƙen Amurka ma suka shiga. Na biyu, mene ne matsayin kowace a wurin da ake yanke shawara? Wurin ya danganta da irin mulkin. A wata ƙasar fadar shugaba ce da majalisar ministoci, a wata majalisar ƙoli ta soja, a wata kuma kwamitin tsakiya na jam'iyya.

Aka yi wa matsayin hawa-hawa. A can ƙololuwa akwai ƙabilar da ta kankane mulki ita kaɗai, ƙasa da ita akwai wadda ta mamaye shi amma ta ɗan yafa wa waɗansu muƙaman ado. Inda ake raba mulki akwai babban abokin tarayya da ƙarami. A waje kuma akwai marasa ta cewa, waɗanda ba a kore su ba amma ba a kira su ba, sa'an nan akwai waɗanda ake toshe wa hanya da gangan. Abin lura shi ne ministan je-ka-na-yi-ka ba ya shiga lissafi. In an naɗa mutum don a ɗauki hoto da shi, alhali ba ya iya sa a gina rijiya a garinsu, ƙabilarsa tana nan a waje.

Kundin farko ya ƙunshi ƙabilu 733 a ƙasashe 155. Ana kiransa EPR a taƙaice, ma'anarsa dangantakar ƙabilu da ikon mulki. Aka haɗa shi da jerin yaƙe-yaƙe na Jami'ar Uppsala ta Suwidin, wadda ke rubuta duk rikicin da gwamnati ke ciki in ya ci rai 25 a fagen fama cikin shekara guda. Sakamakon ya fito a 2009 da 2010, kuma tun daga nan ake sabunta kundin ana ƙara masa shekaru da taswirar inda kowace ƙabila take zaune. Yana nan a intanet, ɗalibi na iya buɗe shi kyauta.

ABIN DA YA FITO

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙabilun da ke wajen mulki sun fi waɗanda ke ciki ɗaukar makami, kuma haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan mutanen da aka bari a waje. Wadda ta taɓa yaƙi da gwamnati ta fi saurin komawa. Amma abin da ya fi kome ƙarfi cikin lissafin shi ne saukarwa. Ƙabilar da jiya take ciki yau aka fitar da ita, ko take babba aka mai da ita ƙarama, ita ce ta fi kowa haɗari, musamman a shekarun farko bayan faɗuwarta. Dalilin a fili yake. Wanda bai taɓa shiga fada ba yana da fushi amma ba shi da hafsoshi. Wanda aka kora daga fada yana fita ne da fushi, da abokai cikin soja, da sanin inda ake ajiye makamai.

Dole a yi hattara da yadda ake karanta wannan. Ko a cikin waɗanda aka ware, akasarin shekaru suna wucewa ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Wariya ba ta tilasta yaƙi, tana dai ninka yiwuwarsa ne, kamar yadda rani ba ya tayar da gobara amma ya fi damina saurin kama wuta.

Laberiya ta nuna matakan duka. Jikokin 'yantattun bayi da suka komo daga Amurka, waɗanda ba su kai kashi 5 cikin ɗari na jama'a ba, sun riƙe mulki tun daga 1847 har ran 12 ga Afrilu 1980, lokacin da Saje Samuel Doe da abokansa suka kashe Shugaba Tolbert. Cikin abokan nan akwai Thomas Quiwonkpa, ɗan ƙabilar Gio daga lardin Nimba, wanda ya zama kwamandan soja. Doe ya fara jin tsoronsa, ya sauke shi a 1983, ya cika soja da 'yan ƙabilarsa ta Krahn. A watan Nuwamba na 1985 Quiwonkpa ya yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba, aka kashe shi, sojoji suka huce a kan Gio da Mano. Da Charles Taylor ya tsallako iyaka ya shiga Nimba a jajiberin Kirsimeti na 1989 da 'yan mayaƙa kaɗan, bai sha wahalar samun masu bin sa ba. Lalle Taylor ya yi cinikin katako da lu'ulu'u, kamar yadda masu ra'ayin haɗama za su nuna, amma samarin Nimba ba katako ya fito da su ba. Sojojin Nijeriya sun shiga wannan yaƙi a ƙarƙashin ECOMOG daga watan Agusta na 1990, kuma ba a sami zaman lafiya sosai ba sai 2003.

Kwaddebuwa kuma ta nuna yadda ake iya rushe gini da takarda. Houphouët-Boigny ɗan ƙabilar Baule ne kuma bai manta da danginsa ba, amma yana raba muƙamai yadda kowane yanki zai ga nasa. Bayan mutuwarsa a Disamban 1993 magajinsa Konan Bédié ya fito da aƙidar tantance wane ne ɗan ƙasa na asali, aka yi dokar zaɓe a 1994 wadda ta toshe wa Alassane Ouattara, tsohon firayim minista kuma ɗan arewa, hanyar tsayawa takara. Abin bai tsaya a kansa ba. Talakan arewa mai sunan Jula ya riƙa shan tambaya a shingen 'yan sanda, katin shaidar ɗan ƙasa ya gagare shi. An sake hana Ouattara takara a 2000. Ran 19 ga Satumba 2002 sojoji suka yi bore, ƙasar ta rabu biyu, Buwake ta zama hedkwatar 'yan tawaye. Ƙabilun ƙasar ba su ƙaru ko da ɗaya ba tsakanin 1993 da 2002.

Akwai kuma misalin da ya faru bayan an buga sakamakon, wanda shi ne gwajin gaskiya ga kowane nazari. A Habasha, jam'iyyar 'yan Tigre, waɗanda ba su wuce kashi 6 ko 7 cikin ɗari ba, ita ce ke juya gwamnati da soja tun 1991. Da Abiy Ahmed ya hau a 2018 sai manyanta suka rasa kujerunsu suka koma Mekele. A watan Nuwamba na 2020 yaƙi ya ɓarke, bai tsaya ba sai da aka sa hannu a yarjejeniyar Firitoriya a Nuwamban 2022.

ME YA SA SHUGABA ZAI RUFE ƘOFA?

In wariya tana da haɗari haka, me ya sa masu mulki ke yin ta? Wani masani, Philip Roessler, ya bi tarihin juyin mulki a Afirka ya ba da amsa mai tayar da hankali. Ya ce shugaban da ya jawo abokan hamayya cikin gwamnati da soja ya rage haɗarin tawaye a daji, amma ya ƙara haɗarin juyin mulki a fada, domin ya miƙa musu mabuɗin barikin da ke kusa da ɗakin kwanansa. In ya kore su ya kuɓuta daga juyin mulki na gobe da safe, ya sayi yaƙin basasa na baɗi. Da yawa sukan zaɓi na biyu, don yaƙin yana nesa, a kan iyaka, kuma talakawa ne za su fara ɗanɗana shi.

Cadi shaida ce. Hissène Habré ya hau mulki a 1982 da taimakon mayaƙan Zagawa. Da zargi ya shiga tsakani, Idriss Déby da Hassan Djamous suka tsere daga Njamena a farkon Afrilun 1989. An kama Djamous ya mutu a hannu, Déby ya kai Darfur, aka shiga kamen Zagawa. A Disamban 1990 Déby ya komo da runduna ya karɓe babban birnin.

Ke nan raba mulki ba maganin da ake sha a kwanta ba ne. Kundin Zurik kansa ya nuna cewa inda abokan tarayya suka yi yawa a gwamnati, faɗa yakan tashi tsakaninsu. Sudan ta Kudu ta gwada haka a Disamban 2013, wata biyar bayan Salva Kiir ya sauke mataimakinsa Riek Machar. A Labanan kuma an kafe rabon kujeru a kan ƙidayar 1932, Kirista shida Musulmi biyar, ba a taɓa shi ba har jama'a ta sauya, yaƙi ya tashi a 1975.

Masu suka sun ta da wata tambaya mai kyau: ko dai shugabanni suna ware waɗanda suka riga suka hango za su yi tawaye ne, watau tsoron yaƙi ne ke haifar da wariya ba wariya ke haifar da yaƙi ba? Masanan Zurik suka amsa a 2016 ta hanyar kwatanta ƙasashen da Ingila ta mallaka da waɗanda Faransa ta mallaka, tun da yake salon mulkin kowace ya riga ya tsara wanda zai gaji gwamnati kafin 'yan siyasa su fara lissafinsu. Suka tarar gwamnatoci sun fi jawo ƙabilun da suke jin tsoro, saboda haka amfanin shigar da mutane cikin mulki ya ma fi yadda aka zata da fari.

NIJERIYA A KAN SIKELI

Wanda ya san tarihin shekara ta 1966 zai ga saukarwa har sau biyu cikin wata bakwai. Ran 15 ga Janairu aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato, da Firimiyan Yamma Akintola, da manyan hafsoshi waɗanda akasarinsu 'yan Arewa ne. Ran 24 ga Mayu Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34 wadda ta soke jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Ga ma'aikacin Arewa, wanda yankinsa ke baya a ilmin boko, wannan doka na nufin kujerar da yake kai ma ba tasa ba ce. Ran 29 ga Yuli al'amari ya juya, aka kashe Ironsi da hafsoshin Gabas da yawa, sa'an nan aka yi kashe-kashen da suka ci dubban Ibo a garuruwan Arewa, fiye da miliyan ɗaya suka gudu gida. Ran 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya yi shelar Biyafara. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970, bayan mutuwar jama'a mai ɗimbin yawa, akasarinsu saboda yunwa.

Tun kafin wani ya tattara kundi, shugabannin Nijeriya sun karanta darasin da idonsu. Kwana uku kafin shelar Biyafara Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, ya ba ƙananan ƙabilun Gabas jihohi biyu nasu. Murtala ya mai da su 19 a 1976. Tsarin mulki na 1979 ya wajabta cewa gwamnatin tarayya ta nuna kamannin ƙasar a naɗe-naɗenta, kowace jiha ta sami minista, kuma ba mai zama shugaban ƙasa sai ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, sharaɗin da ya kai Shagari da Awolowo gaban Kotun Ƙoli a kan ƙuri'un Kano. A 1996 aka kafa hukumar kula da daidaiton rabon muƙamai, kuma abin dariya, lambar dokar da ta kafa ta ita ma 34 ce.

Ana sukar wannan tsari cewa yana danne cancanta, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Duk wanda ya ga an tsallake shi a ƙarin girma saboda jiharsa ta cika gurbinta ya san zafin abin. Amma mai sukar ya kamata ya ɗora kuɗin tsarin a gefe ɗaya, ya ɗora kuɗin wata talatin na yaƙi a ɗaya gefen. Ba kuma Nijeriya kaɗai ke yin haka ba. Waɗansu masana tattalin arziki uku, Francois da Rainer da Trebbi, sun bi sunayen ministocin ƙasashen Afirka 15 tun daga samun mulkin kai zuwa 2004, suka tarar ko a ƙarƙashin mulkin soja ana raba kujeru kusan daidai da yawan kowace ƙabila, sai ɗan ƙari da dangin shugaba ke samu. A Nijar ma, bayan tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 da na 2007, an naɗa Brigi Rafini, Ba'abzine daga jihar Agadas, firayim minista a 2011 ya yi shekara goma. Da tawaye ya tashi a arewacin Mali a 2012 bai tsallako ba, ko da yake ba wannan naɗi kaɗai ya hana ba.

INDA IDON KUNDIN BAI KAI BA

Ɗalibin da ya buɗe shafin Nijeriya a kundin zai tarar ƙabilun da aka rubuta ba su kai goma ba, a ƙasar da ke da harsuna ɗaruruwa. An haɗa Hausawa da Fulani da Musulmin tsakiyar ƙasa a layi ɗaya. Yawan da aka ba kowace ƙabila ƙiyasi ne, domin an soke ƙidayar 1973, kuma ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Matsayin kowace ƙabila kuwa hukuncin ƙwararre ne, ƙwararre kuma mutum ne, yana iya duba yaƙin da ya riga ya faru ya ga wariyar da ba zai gani ba da an zauna lafiya.

Bugu da ƙari, kundin yana ɗauka cewa in manyan ƙabila suna ciki, ƙabilar tana ciki. Boko Haram ta fara yaƙi a 2009 lokacin da ɗan Katsina ke shugabancin ƙasa. Ta'asar 'yan bindiga a Zamfara ta yi ƙamari a shekarun da wani ɗan Arewa ke kan kujerar, kuma faɗan yana tsakanin mutanen da kundin ya rubuta a layi guda. Makiyayin da aka nome masa burtali da manomin da aka ƙone masa rumbu duka suna cikin mulki a kan takarda.

Mafi muhimmanci, idon kundin yana kan babban birnin tarayya ne, alhali a Nijeriya ƙofar da ake rufewa sau da yawa ta ƙaramar hukuma ce, mabuɗinta kuma takardar shaidar ɗan asalin gari, wadda in babu ita ba gurbin karatu, ba aikin gwamnati. An ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991. A watan Afrilun 1994 rikici ya tashi a kan wanda aka naɗa ya shugabance ta. A Satumban 2001 ya sake tashi, bayan gardama a kan wanda aka naɗa jami'in shirin rage talauci na yankin, aka rasa rayuka wajen dubu cikin mako guda. A Nuwamban 2008 zaɓen shugaban ƙaramar hukumar ne ya kunna wutar. A dukan shekarun nan uku kowane ɓangare yana da 'yan'uwa a majalisar ministoci ta tarayya, kuma ba ko ɗaya daga cikin rikice-rikicen da ya shiga jerin yaƙin basasa, domin ba gwamnati ake yaƙa ba.